"Kimiyyar data": me 'yarki take koyo ranar Asabar a jami'a?

Ranar da ƙanwata ta roƙi Umma ta bar ta ta riƙa zuwa makaranta ranar Asabar, ina gefe ina cire takalmi, dawowata ke nan daga aikin dare. Umma ta ɗago kai daga tsintar shinkafa ta ce, "Asabar kuma? Wace lakca ce Litinin zuwa Juma'a ba ta ishe ta ba?" Yarinya ta ce ba lakca ba ce, wata ƙungiyar ɗalibai ce take koyar da kimiyyar data kyauta. Umma ta ajiye faranti. "Data? Duk kuɗin makarantar nan da ake biya, sayar da data za ki je ki koya? Ai yaron maƙwabtanmu yana sayarwa, ko sakandare bai gama ba."

Mun yi dariya, amma gaskiya ni ma a lokacin ban fi Umma sanin abin da ake nufi ba. Umma ta ce in je in bincika, in na gamsu ta yarda, in ban gamsu ba a rufe maganar. Abin da na gano shi ne zan ba ku yau, domin na san akwai iyaye da yawa da irin wannan roƙo ya riga ya zo gabansu, ko yana kan hanya.

Datar da ake magana a kai ba ta MTN ko Airtel ba ce. Bayanai ake nufi: adadin yaran da aka yi wa rigakafi, farashin masara mako-mako a kasuwar Dawanau, yawan ruwan da aka yi a damina, sakamakon jarrabawar ɗalibai. Mai kimiyyar bayanai yana tattara irin waɗannan, ya gyara kurakuran da ke ciki, ya sa kwamfuta ta taya shi lissafi, sannan ya fito da amsar wata tambaya da za ta amfani mutane. Kayan aikinsa lissafi ne, da ƙididdiga, da rubuta umarnin kwamfuta a wani harshe irin su Python ko R. Da yawa ma da Excel suke farawa.

Da aka yi min wannan bayani sai na ga ashe shekara da shekaru ina cikin abin ban sani ba. Duk wadda ta taɓa zuwa awon ciki ko rigakafi ta ga manyan littattafan rijistar da muke cikewa. Ƙarshen wata mukan zauna mu ƙirga, mu cike fom, a kai ƙaramar hukuma, a shigar da shi wata manhaja mai suna DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ta samar, kuma ƙasashe da dama suke amfani da ita. Mu dai namu cikewa ne, har yatsa ya yi kanta. Abin da alƙaluman suke faɗa kuwa, ba kasafai muke tsayawa mu saurara ba.

Kuma ashe uwar aikin namu ma 'yar wannan fanni ce. A makarantar koyon jinya an koya mana Florence Nightingale a matsayin mace mai yawo da fitila tana duba marasa lafiya, wadda ake bikin ranar ma'aikatan jinya ta duniya a ranar haihuwarta, 12 ga Mayu. Abin da ba a cika jaddada mana ba shi ne ƙwarewarta a lissafi. A 1854 ta je jinyar sojojin Ingila a lokacin yaƙin Kirimiya. Bayan ta dawo gida ta bi alƙaluman mace-macen sojojin wata bayan wata, ta zana su yadda ko wanda bai iya lissafi ba zai gane, ta nuna cewa cututtuka irin su kwalara da atuni da zazzaɓi sun fi raunin fagen daga kashe su nesa ba kusa ba. Da wannan zane ta matsa wa mahukunta har aka gyara tsaftar asibitoci da barikokin soja. A 1858 ta zama mace ta farko da ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan ta karɓa a cikinta. Da na ba Umma wannan labari sai ta ce, "To ita ma ranar Asabar ta koya?"

Ina ake koyo?

A Najeriya yanzu akwai hanyoyi biyu. Ta farko ita ce digiri. Sabon tsarin manhajar karatu da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fitar a ƙarshen 2022 ya sanya kimiyyar bayanai a matsayin kwas mai zaman kansa, kuma wasu jami'o'i sun fara ɗaukar ɗalibai a kansa. Mai son wannan hanya ta duba littafin JAMB na shekarar da kyau, ta tabbatar jami'ar da ake so tana da kwas ɗin, kuma a riƙe darasin lissafi da muhimmanci tun daga sakandare.

Hanya ta biyu ita ce wadda ƙanwata ta bi, kuma ita ce ta fi yawan jama'a. Ita ilimin ƙananan halittu take karantawa, ba kwamfuta ba. Ɗalibai ne kan haɗu a wani aji ko ɗakin kwamfuta bayan lakca ko a ƙarshen mako, waɗanda suka yi nisa su koya wa na baya, wani malami yana sa ido a kansu. A cikinsu za ki ga mai karatun likita, da mai tattalin arziki, da mai aikin gona, har da mai digiri a Hausa. Wasu ƙungiyoyin suna ƙarƙashin shirin Google na ɗaliban jami'a, wasu suna da alaƙa da Data Science Nigeria, wadda Dakta Olubayo Adekanmbi ya kafa, kuma take shirya horo da gasa ga matasa a faɗin ƙasa.

Mu nan Arewa muna da namu. Akwai Arewa Data Science Academy, wadda ke ba da horo kyauta ta intanet, rukuni bayan rukuni, ana farawa daga Python a hau sama. Cikin waɗanda suka assasa ta akwai Dakta Shamsuddeen Hassan Muhammad, malami a Jami'ar Bayero ta Kano. Shi da abokan aikinsa kuma suna cikin ƙungiyar HausaNLP, masu ƙoƙarin ganin kwamfuta ta fahimci Hausa. Wani aiki da suka fitar a 2022 mai suna NaijaSenti ya burge ni: an tattara saƙonnin Twitter wajen 30,000 a kowane ɗaya daga harsunan Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin Buroka, mutane suka zauna suna karantawa ɗaya bayan ɗaya suna rarrabewa, wannan yabo ne, wannan suka ce, wannan ba ko ɗaya. Da irin wannan ake koya wa na'ura harshe. Ki duba fa, aiki ne da wanda bai tashi cikin Hausa ba ba zai iya shi ba, domin Bahaushiya tana iya cewa "sannu da ƙoƙari" alhali zagi take yi. 'Ya'yanmu suna da wannan jari tun daga tsakar gida.

Bayan waɗannan akwai shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 don koya wa mutum miliyan uku fasahar zamani, kuma nazarin bayanai yana cikin darussansa. Akwai Kaggle, shafin Google mai gajerun darussa kyauta. Akwai Zindi, shafin da aka kafa domin 'yan Afirka, inda kamfanoni da ƙungiyoyi kan kawo matsala da bayanansu, a yi gasa, wanda ya fi a ba shi kyauta. Yawancin ƙungiyoyin ɗalibai da waɗannan suke aiki. Amfanin haɗuwar shi ne idan abu ya kakare maka akwai wanda za ka juya ka tambaya.

Tambayoyin da Umma ta yi

Ta farko kuɗi. Koyarwar kyauta ce, amma kwamfuta ba kyauta ba ce, haka datar gaske, waccan ta waya. Ƙanwata ta yi watanni tana lallaɓawa da waya da kwamfutar ƙawarta, tana amfani da Google Colab, wanda ke ba mutum damar rubuta Python ta intanet ba tare da ya mallaki babbar na'ura ba. Ana iya farawa a haka, amma ba a yin nisa; rubuta umarni a fuskar waya azaba ce ga ido da yatsa. Daga baya muka haɗa kuɗi ni da yayanmu muka saya mata ta hannu. Shawarata kada ki yi gaggawar saya. Ki bari yaro ya yi wata biyu ko uku tukuna, domin da yawa da zafi suke farawa, mako huɗu su watsar. In lokacin saye ya yi, a tafi da wanda ya san kan kwamfuta, a duba batir da kyau saboda halin wutarmu.

Ta biyu ita ce wadda Umma ta yi da murya ƙasa-ƙasa: "Ba dai irin abin nan na 'yan damfara ba ne ko?" Ban ga laifinta ba. Amma bambancin a fili yake. Mai koyon wannan fanni ba ya ɓoye fuskar kwamfutarsa in kin shigo ɗaki, hasali ma zai dame ki da son nuna miki zanen da ya yi. Kuma ba ya yin kuɗin dare ɗaya. Inda damfarar take shi ne wajen masu tallan kwas a WhatsApp da TikTok, a biya dubu kaza, cikin wata ɗaya a fara karɓar albashi da dala. Ƙarya ce. Abu ne da ke cin watanni kafin mutum ya kama hanya, aikin yi kuma ba ya zuwa don an riƙe takardar shaida kawai; sai an nuna abin da aka yi da hannu. Na san waɗanda suka samu, na san waɗanda har yau suna nema.

Ta uku ita ce fitar 'ya mace. Wannan kam da ƙafata na je. Wata Asabar na bi ta har ajin, na zauna a baya da hijabina kamar uwar da ta zo taron iyaye. Na tambayi sunan malamin da ke kula da su da sashensa, na ga a cikin makaranta ake yi da rana tsaka, ana tashi kafin la'asar. Mata ba su kai maza yawa ba, amma suna nan, kuma ɗaya daga cikin masu koyarwar ranar mace ce 'yar aji huɗu. Muka yi sharaɗi uku da ita: a cikin harabar jami'a kawai, a gida za ta yi sallar magariba, kuma in sakamakon zangonta ya sauka, an daina. Na ƙarshen nan ina roƙon ku kada ku yi sakaci da shi. Abin yana da jan hankali, yaro zai iya kwana a kansa ya manta da kwas ɗin da aka tura shi ya yi.

Ranar da ta duba littafinmu

Wasu za su ce duk wannan na masu aiki a manyan kamfanoni ne a Legas. Amma duk wadda ta ga aikin polio a Kano ta ga amfaninsa a ƙofar gida. An yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam aka gano rugage da ƙauyukan da babu su a taswirar da ake zanawa da hannu, aka ba masu rigakafi wayoyin da ke nuna inda suka taka da inda suka tsallake. Ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano tana cikin waɗanda suka yi wannan aiki. A watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar polio ta asali.

Namu ƙarami ne a kan wannan. An ce kowa a ƙungiyarsu ya kawo aikin da ya shafi unguwarsu, sai ta zo min. Akwai abin da ya daɗe yana damuna: allurar Penta sau uku ake yi wa jariri, a sati 6 da 10 da 14, amma kullum waɗanda suka zo ta farko sun fi waɗanda suka dawo ta uku. Na nemi izinin shugabarmu a wajen aiki, ta yarda bisa sharaɗin ba suna, ba lambar waya, ba lambar gida. Littafin bai fita daga asibiti ba. Ni na kwafo mata wata da unguwa da adadi kawai. Wannan ma darasi ne da ya kamata duk mai koyon fannin ya sha tun farko, domin bayanan mara lafiya amana ne.

Ta yi sati biyu tana fama, rabin lokacin a kan gyara ne, domin unguwa ɗaya mun rubuta sunanta iri uku. Da ta gama ta nuna min zane a waya. Ni a zatona sakacin iyaye ne ya bazu ko'ina. Ashe mafi yawan waɗanda ba sa dawowa daga unguwanni biyu suke, na hayin kwari, kuma giɓin ya fi faɗi a watannin da ruwa ya fi ƙarfi. Matan ba ƙi suka yi ba, hanya ce take yankewa, ga goyo, ga kuɗin adaidaita ya ninka in za a zagayo ta titi.

Na kai wa shugabarmu zanen. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a jadawalin fita unguwanni na damina mai zuwa a sa hayin kwari a gaba, mu ɗauki akwatin sanyi mu je musu. Da na dawo gida na faɗa wa Umma, ba ta ce komai ba. Sai da Asabar ta zagayo na ji tana ƙwala wa yarinyar kira tun da safe, wai ta tashi kada ta makara, ga ɗumame nan ta zuba mata a kula.