Yadda zuriyar barorin manyan gidajen Ailan ke bin sawun kakanninsu

Dubban 'yan asalin Ailan da ke Amurka, Ingila da Ostareliya na neman tarihin kakanninsu da suka yi aikatau a gidajen masu manyan gonaki. Aikin yana da wuya, domin takardun filaye da na haraji sun fi ambaton mai gida, ba kuku ko mai wanki ba.

Asarar takardu ta ƙara dagula lamarin. A shekarar 1922, lokacin yaƙin basasa, gobara ta cinye ma'ajiyar takardun gwamnati a Dublin, tare da yawancin bayanan ƙidayar 1821 zuwa 1851.

Shi ya sa masu bincike ke farawa da ƙidayar 1901 da ta 1911, waɗanda suke kyauta a intanet. An rubuta bara a gidan ubangidansa, tare da shekarunsa, addininsa da yankin da aka haife shi. Wannan yankin ne ke kai mutum ga rajistar coci, da rajistar haihuwa da aure ta gwamnati da ta game kowa daga 1864.

Daga nan sai littattafan albashi da iyalan masu gonaki suka bari, waɗanda ke ɗakin karatu na ƙasa a Dublin da ma'ajiyar PRONI a Belfast. Cikinsu akan ga sunan bara, aikinsa da ladansa. Sau da yawa sunan mace kan ɓace daga littafin da zarar ta yi aure, don haka takardar auren ce ke ci gaba da labarinta.