DAGA MAJIGI ZUWA WAYAR HANNU: WANE FIM ƊIN KUMBO NE YA FI?

GOMBE: Duk ɗan Arewa mazaunin Kudu da ya zo gida hutun Salla, ya ratsa ta unguwar Herwagana a cikin garin Gombe bayan sallar isha'i, zai ga abin da babu shi a zamanin ƙuruciyarsa. Samari ne a teburin mai shayi, uku ko huɗu sun haɗa kai a kan waya guda, suna kallon mutum-mutumi yana faɗa da soja, ko kumbo yana ratsa taurari. Fim ɗin kuwa an turo musu shi ne a shagon masu tura finafinai da 'yan kuɗi kaɗan, wani ma an juya shi da Hausa. In aka gama sai musu ya tashi, kowa da gwaninsa. In an yi sa'a akwai dattijo a kan bencin, shi ma ba zai rasa nasa gwanin ba, na zamanin da ake bin layi a sayi tikiti a gidan silima.

To, irin waɗannan finafinai su ne ake kira almarar kimiyya, watau labarin da aka ƙaga, amma aka ɗora shi a kan ilimin na'ura, ko na sararin sama, ko na halittu. Kunnen Bahaushe ba baƙon abin mamaki ba ne. Ya san layar zana da baduhu, ya karanta Ganɗoki na Malam Bello Kagara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam tun 1934. Bambancin shi ne, a tatsuniya aljani ne ke ɗaukar mutum ya kai shi wata duniya, a nan kuwa inji ne, kuma injin nan ɗan Adam ne ya ƙera shi da hannunsa. Saboda haka tambayar da ke ƙarƙashin kowane irin fim ɗin nan ita ce: in mutum ya ƙera abin da ya fi ƙarfinsa, ina za a kwana?

Zamanin Bebayen Finafinai

Tun kafin hoto ya fara magana aka soma wannan sana'a. A 1902 wani Bafaranshe mai wasan dabo, Georges Méliès, ya yi ɗan gajeren fim na wajen minti 14 mai suna Le Voyage dans la Lune, watau tafiya zuwa wata. An ɗura masana a cikin wani ƙaton harsashi, aka harba su da igwa, harsashin ya je ya soki wata a ido. Abin dariya ne a yau, amma shi ne kakan duk wani kumbo da aka gani a majigi.

Wanda ya ciri tuta a wannan zamani shi ne Metropolis, na Bajamushe Fritz Lang, a 1927. Birni ne mai dogayen benaye, attajirai suna sama suna shan iska, leburori kuma suna ƙarƙashin ƙasa suna juya injinan da ke ba birnin wuta. Sai aka ƙera mutum-mutumi da kamannin wata yarinya, Mariya, wadda leburori suka amince da ita, don ta ruɗe su. Wanda yake kwana a Agege ko Idi-Araba, ya wayi gari yana gadin gidan wani a Ikoyi, ba ya bukatar tafinta kafin ya gane wannan labari. An daɗe ana zaton wani sashe na fim ɗin ya ɓace, sai a 2008 aka tsinci kusan cikakkensa a wani gidan tarihi a Buenos Aires ta ƙasar Ajantina.

A lokacin nan Arewa ba ta san gidan silima ba tukuna. Sai a 1937 aka buɗe Rex a Kano. Abin da talakan karkara ya sani shi ne majigi, motar Gwamnati da ke zuwa ƙofar fada da dare ta kafa farin ƙyalle, ta nuna yadda ake noman auduga da gyaɗa da tsabtace gida.

Zamanin Tsoron Bom

Bayan Yaƙin Duniya Na Biyu sai labarin ya sake. An ga abin da bom ya yi wa Hiroshima da Nagasaki a 1945, sai tsoro ya shiga finafinai. A 1954 Ishiro Honda na Japan ya fito da Godzilla, wani dodon teku da gwajin bom ya tayar daga barci, ya hau tudu ya ragargaza Tokiyo. Mutum ne ya sa rigar roba yana tattake ƙananan gidajen da aka sassaƙa, amma Japanawan da suka kalla ba su yi dariya ba, don shekara 9 kacal ke nan da ganin irin wannan ɓarna da idonsu.

Wannan tsoro bai tsallake Nijeriya ba. Ran 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta fasa bom ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, inda iskar hunturu ke tasowa ta nufo ƙasar Hausa. Da ta maimaita har sau uku, Gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa a Janairun 1961. Ashe dodon da ke cikin fim yana da ɗan'uwa a bayan gida.

Zamanin Kumbo

Yawancin samarin yau ba su san cewa Kano ta taɓa sa hannu a tseren zuwa sama ba. Hukumar NASA ta Amurka ta kafa tashar bin sawun kumbo a Kano, kuma tana cikin tashoshin da suka bi sawun John Glenn sa'ad da ya kewaya duniya sau 3 ran 20 ga Fabrairu 1962. A shekarar da ta biyo, 1963, jirgin ƙasa ya iso Gombe. Zamani ne da kowa ke ganin inji zai kai ɗan Adam ko'ina.

A 1968 Stanley Kubrick ya fito da 2001: A Space Odyssey, wanda masana harkar fim da yawa suke sa shi gaban kowane. Fim ne mai nawa, babu waƙa da rawa, an fi minti 20 ba a ce uffan ba. Amma a cikinsa ne aka ga kwamfutar nan HAL, wadda aka damƙa wa ragamar kumbo, ta juya ta hallaka 'yan sama-jannatin da aka ce ta yi wa hidima, cikin murya mai taushi kamar ta mai ba da haƙuri. Yau da kwamfuta ke amsa tambaya, tana rubuta wasiƙa, tana kwaikwayon muryar mutum, fim ɗin ya fi jiya ma'ana.

Ran 20 ga Yuli 1969 Neil Armstrong ya taka wata. A wannan shekara ce kuma kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin wani yaro, Kilba, da wani baƙo daga sama ya ɗauka ya kai yawon sararin samaniya. Ɗalibai da dama sun karanta shi a makaranta. Wannan shaida ce cewa harshen Hausa ya ɗauki almarar kimiyya shekara 8 kafin a san da Star Wars.

Zamanin Komando Da Mugambo

Star Wars na George Lucas, wanda aka ɗauki wani sashensa a hamadar Tunisiya, ya fito a 1977 ya girgiza kasuwar Turai da Amurka. E.T. na Steven Spielberg ya biyo baya a 1982. Amma a Arewa ba su ne suka ci kasuwa ba. Tun da Kwarori masu gidajen silima suka fara kawo finafinan Indiya, zuciyar 'yan kallo ta koma can, sai kuwa 'yan Cana masu kokawa da Amurkawa masu harbi.

Don haka dattijon Herwagana in ya tashi kafa gwani, ɗayan biyu ne. Ko dai The Terminator na James Cameron, 1984, inda aka aiko inji mai fatar mutum daga shekarar 2029 ya kashe wata mace kafin ta haifi ɗan da zai jagoranci mutane su yaƙi injina. Arnold Schwarzenegger ne ya fito a injin, amma da yake sunan ya fi ƙarfin harshe, Komando kowa ke kiransa, saboda fim ɗinsa na 1985. Ko kuwa Mr. India na Shekhar Kapur, 1987.

In don shiga zuciyar Bahaushe ne, Mr. India ba shi da na biyu. Anil Kapoor ya fito a wani talaka mai riƙon marayu, kuɗin haya ma yana gagararsa, sai ya gaji wata na'ura daga mahaifinsa wadda in ya ɗaura a hannu sai ya ɓace, ba a ganinsa sai ta jan haske. Ga Sridevi 'yar jarida, ga Amrish Puri a matsayin Mugambo mai neman cin ƙasa. Layar zana ce dai aka sa mata batir. Kuma da ya sami ikon ɓacewa bai shiga banki ya yi sata ba, sai ya bi masu ɓoye abinci da masu algus. A shekarun tsuke bakin aljihu na bayan 1986, wannan ya yi wa talaka daɗi.

Zamanin Bidiyo Da Waya

Da kaset ya shigo gida, gidajen silima suka fara mutuwa, finafinan Hausa kuma suka taso da Turmin Danya a 1990. A waje kuwa kwamfuta ta shiga aikin haɗa hoto. Terminator 2 a 1991 ya nuna inji mai narkewa kamar dalma, Jurassic Park a 1993 ya tayar da dabbobin da suka ƙare tun kafin ɗan Adam, The Matrix a 1999 ya ce duniyar da mutane ke gani mafarki ne da injina suka saƙa musu. Indiya ta mayar da martani da Koi... Mil Gaya a 2003, sa'an nan Enthiran a 2010, inda Rajinikanth ya fito a masani da kuma mutum-mutuminsa Chitti, wanda aka koya wa so sai ya koyi kishi. Masu juya finafinan Indiya da Hausa, irin su Algaita ta Kano, sun sa har tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana bin irin waɗannan labarai.

A cikin na baya-bayan nan, wanda ya fi cancanta mutumin Gombe ya zauna ya kalla shi ne Interstellar na Christopher Nolan, 2014. Ba dodo a ciki. Ƙasa ce ta gaji, cuta ta cinye amfanin gona, ƙura ta rufe gari, sai wani manomi ya bar 'yarsa ƙarama ya tafi nema wa mutane wata duniya. A can sa'a guda tana daidai da shekara 7 a gida, ya dawo ya tarar 'yar ta tsufa ta fi shi. Wanda ya san yadda kwari ke cin gidaje a Gombe da damina, da wanda ya bar jariri ya tafi Kurmi neman abinci ya dawo yaron bai gane shi ba, duka biyu za su ga kansu.

Yaya Ake Nuna Ɗan Nijeriya?

A nan ne gizo ke saƙa. A 2009 fim ɗin District 9 na Afirka ta Kudu ya nuna 'yan Nijeriya a matsayin 'yan daba masu cin naman baƙin halittu, har Ministar Watsa Labarai ta lokacin, Dora Akunyili, ta nemi gidajen silima su daina nuna shi. A 2018 Black Panther ya ƙaga ƙasar Afirka mai ilimin da ya fi na Turai, duniya ta yaba. Amma da aka zo nuna Arewacin Nijeriya a cikinsa, dajin Sambisa aka nuna, da 'yan bindiga sun kwaso mata a mota. Wanda bai ba da labarinsa da bakinsa ba, yadda aka ga dama haka za a ba da shi.

Wasu yara a Kaduna sun ƙi zama 'yan kallo. Tun wajen 2016 suka haɗa ƙungiya mai suna The Critics, suna yin gajerun finafinan almarar kimiyya da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle da suka yi asusu suka saya, dabarun haɗa hoto kuwa a intanet suka koya, ga wutar lantarki ba ta zama. Labarinsu ya bazu a 2019, kuma a 2020 J.J. Abrams, wanda ya ja ragamar biyu daga finafinan Star Wars, ya aiko musu da kayan aiki. Wayar da ke hannun yaron Herwagana ba ta gaza tasu ba.

Iyaye da yawa, a gida da Kudu, suna ɗari-ɗari da waɗannan finafinai, wasu don tsiraici da zubar da jini, wasu don ganin kamar ana cewa mutum zai iya halitta. Damuwar tana kan hanya, kuma ba kowane fim ne na yara ba. Terminator da Matrix na manya ne. Amma wanda ya duba da kyau zai ga mafi yawan nagarin cikinsu gargaɗi suke yi a kan girman kan ɗan Adam. Maigidan da ke Sabo ta Badun ko Shagamu, maimakon ya ƙwace waya, gara ya zauna da yaran su kalli Mr. India ko E.T. tare, in an gama ya tambaye su wanne ne ilimi, wanne ne ƙarya. In ya zo gida kuma ya nemi Tauraruwa Mai Wutsiya a wurin masu sayar da littattafai ya tafi musu da shi tsaraba.

Musun teburin mai shayi dai ba zai ƙare ba, don kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Mai son tunani zai riƙe 2001, mai son faɗa zai riƙe Komando, mai tausayin marayu ba zai saki Mr. India ba. Abin da ya rage shi ne ranar da za a zauna a bencin nan ana musu a kan fim ɗin kumbo da aka yi da Hausa, wanda ɗan Gombe ya tsara. Allah ya nuna wa jama'a wannan rana.