Noman rani: yaushe ake shuka tafarnuwa a garka?

An cire gero, an ɗaure dammai, to ga lokacin garka ya zo. Yau maganarmu a kan tafarnuwa take.

Mu mutanen Dallol Bosso, daga Tabla har Bonkuku da Filinge, Allah ya ba mu ruwa kusa. Cikin fadama ba a yin gina mai nisa kafin a tarar da shi. Tun bayan farin 1984, da gwamnatin Seyni Kunce ta yi kira ga noman rani, garake suka yawaita. Ana yin dankalin turawa, da kabeji, da tumatir, da albasa. Amma tafarnuwar miyarmu, har yanzu kasuwa muke zuwa saye. Alhali fangali guda ya ishe gida.

Babbar magana ita ce lokaci. Tafarnuwa ɗiyar sanyi ce. Shi ya sa ta fi yin kyau a garaken duwatsun Abzin, wajen Timiya da Tabelot, inda ɗari yake da ƙarfi kuma yake daɗewa. Mu sanyinmu gajere ne: Nuwamba, Disamba, Janairu, da ɗan abin da ya samu na Fabrairu. Ita kuwa tana bukatar wata 4 zuwa 5 cikin ƙasa. Da fari ganye take yi. Sai ganye ya cika kana ta fara yin kai. Yawan ganye shi ne girman kai. In zafin Maris da Afrilu ya same ta ganyenta bai cika ba, sai ta tsaya nan, ka tone ka ga ɗan kai kamar gurjiya.

Saboda haka ka shuka daga tsakiyar Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba. Na san lokacin aiki ya yi yawa, ga wake, ga harawa, ga kai dammai rumbu. Amma kabeji da salati suna iya jira, tafarnuwa ba ta jira. Wanda ya kai ƙarshen Disamba bai shuka ba, shawarata ya bar fangalin ga wani abu.

Sai iri. Ba a yin reno kamar na albasa, ɗiyan da ke cikin kai su ake shukawa. In ka je kasuwar Baleyara ran Lahadi, kar farar tafarnuwa mai manyan ɗiya ta ruɗe ka, wadda ake kawowa daga ƙasar Sin. Ta saba da sanyin da babu shi nan. Ni da kaina na gwada ta shekarar da na fara aiki, don na ga ta fi kyan gani. Ganye ta yi, kore shar, kai kuwa babu na kirki. Tsofaffin garin sun yi mini dariya, kuma da gaskiyarsu. Ka nemi ƙaramar nan ta ƙasarmu mai ƙarfin wari, wadda aka tone bara. Sabuwar tonowa ba ta tsira da wuri, sai ta huta watanni.

Ka latsa kan, in yana da tauri to lafiya lau. Kar ka ɓare shi sai ranar shuka ko jajibirinta. Ka zaɓi manyan ɗiya na gefe, ƙananan tsakiya a kai su miya. Kar ka cire ɓawon da ke jikin ɗiyan.

Wurin shuka ya zama mai samun rana, wanda ruwa ba ya kwanciya. Ka guji inda ƙasa ta yi fari-fari da kanwa, irin wuraren nan da muke da su cikin dallol, don tafarnuwa ba ta jure gishiri. Kuma kar ka sa ta inda aka yi albasa bara, ciwonsu ɗaya ne.

Ka yi fangali mai faɗin mita 1, tsawon mita 5. Ka kafce shi zurfin taƙi guda, ka zuba takin dabbobi kilo 10 zuwa 15, ka gauraya. Takin ya zama ruɓaɓɓe. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Ka ba fangalin ruwa kwana 2 kafin shuka.

Ka ja layi 5 bisa tsawon fangalin, tsakanin layi da layi santimita 20, wato taƙi guda. Cikin layi, tsakanin ɗiya da ɗiya santimita 10, faɗin tafin hannu ke nan. Fangalin zai ci ɗiya 250. Zurfin rami gaɓar yatsa guda, santimita 3. Tsinin ɗiya ya dubi sama, gindi ƙasa. In yara ne ke taya ka, ka tsaya kansu a nan, don wadda aka kifa tana wahala kafin ta fito. Cikin kwana 7 zuwa 10 za ka ga tsiro.

Saiwar tafarnuwa ba ta nisa, kuma ƙasarmu rairayi ce mai saurin shanye ruwa. Ka ba ta ruwa kullum da safe, kaɗan, ƙasa ta yi laima ba caɓi ba. Ka shimfiɗa ƙaiƙayin gero tsakanin layuka don iskar hunturu kar ta busar da fangali. Haki kuwa da hannu ake cire shi, hauya tana yanke saiwa.

In ka ga ganye ya yi zane-zane fari, ƙananan ƙwarin albasa ne suka shiga tsakanin ganye. Ka daka ƴaƴan bedi, ka jiƙa su kwana guda, ka tace, ka sa ɗan sabulu, ka yayyafa da marece.

Wajen ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris, rabin ganye zai yi ɗorawa ya fara bushewa. Ka tsai da ruwa, ka bari kwana 10 kana ka tone. Kar ka fizge da ƙarfi, kar ka wanke. Ka shanya ta a inuwa da ganyenta mako 2, ka ɗaure dami-dami, ka rataya a zaure inda iska ke shiga, ba cikin buhun leda ba.

Ranar da ka ɗaure, ka ware kawunan da suka fi girma ka rataya su daban, ka gaya wa mai ɗakinka waɗannan irin Oktoba mai zuwa ne.