Tsiron Cikin Hanci

'Yan'uwa ɗalibai, ba kowace toshewar hanci ce mura ba. Wani lokaci tsiro ne mai laushi, marar zafi, ke fitowa can ciki.

Fararen ƙwayoyin jini su ne sojojin jiki. In suka ga baƙo a hanci, sai su aika saƙo, wasu da ake kira iyosinofil su yi dafifi. Idan yaƙin ya ƙi ƙarewa, dafin da suke zubarwa yakan ɓata fatar hancin, ruwa ya taru, ta kumbura ta zama tsiro. Irin wannan yaƙi ake yi a huhun masu asma, shi ya sa tsiron ya fi damunsu.

Wanda hancinsa ya toshe wata 3, har ya daina jin ƙamshi, ya ga likita. Maganin feshi yakan kwantar da sojojin. In ya faskara, a yi aiki.