Albasa da zogale ba sa fitar da dalma daga jini

Idan dalma ta shiga jini, ƙoda ce ke tace ta, a nan kuma take yin ɓarna a hankali. Gwaje-gwaje a kan ɓeraye sun nuna sinadaran albasa da zogale, waɗanda lambunan Madawa, Buza da Keita ba su rasa ba, suna rage wannan illa. Wani zai ce ashe magani na gida. Sai dai ɓera ba mutum ba ne, ganye kuma ba ya fitar da dalma. A Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu sakamakon gubar dalma. Maganin asibiti da kwashe gurɓatacciyar ƙasa ne suka ceci saura. A ci zogale, amma iyaye su daina rambaɗa wa jarirai kwallin dutse, su nisanta yara daga tsofaffin baturan mota, domin duka suna ɗauke da dalma.