Keken Kawu da Na'urar Awon Jini

Kawuna akawun sito ne a wata masana'antar robobi da ke Bompai. Ya shekara uku yana shan maganin hawan jini, kuma akwai wani abu da kowa ya saba da shi: duk ƙarshen wata, in masu binciken kaya sun zo, manaja yana tsaye a kansa ana ƙirgar buhuna, jininsa sai ya yi sama. Ma'aikaciyar ɗakin shan magani ta ɗaura masa na'ura a dantse, ta matsa, ta duba, ta girgiza kai.

Sai ga wani ƙarshen wata da aka yi ƙirga, har da cacar baki kan buhu biyu da suka ɓace, amma awon bai tashi sosai ba. Wata na biyu ma haka.

"Kawu, an canza muku magani ne?"

"Wane magani? Shi ne dai ɗan farin nan."

Na tambayi gishiri da dunƙule, matarsa ta ce miyarta ba ta sauya ba. Goro yana nan a aljihu. Manajan ma ba a ɗauke shi ba, bai kuma daina faɗa ba. Har na fara zargin na'urar, aka gwada da wata, duk ɗaya.

A zaure na tsinci bakin zaren. Babur ɗinsa na jingine, ƙura ta rufe shi. Ashe injin ya buga tun wata biyu, kuɗin gyara ya gagara, kuɗin Adaidaita Sahu kullum kuma ba ƙaramin abu ba ne. Sai ya kakkaɓe tsohon kekensa, yana tuƙawa daga Hotoro zuwa Bompai, wajen rabin awa kowace safiya.

To mene ne haɗin keke da faɗan manaja? Tun 1915 Walter Cannon na jami'ar Harvard ya bayyana yadda jiki ke ɗaukar tsoro da fushi: sinadarin adiranalin ya kwarara, zuciya ta ƙara gudu, ƙananan jijiyoyin jini su tsuke, kamar ka danne bakin tiyo. Jiki bai san bambancin kura da mai binciken lissafi ba. Masana kimiyya kan tayar da wannan hali da gangan, su sa mutum ya riƙa cire 7 daga babbar lamba da ka, ana azalzalarsa, suna auna jininsa. A 2006 Mark Hamer da Adrian Taylor da Andrew Steptoe a Ingila suka tattara irin waɗannan gwaje-gwaje, suka ga wanda ya motsa jiki kafin a matsa masa, musamman na minti 30 ko fiye, jininsa ba ya tashi kamar na wanda ya zauna. Dalili shi ne bayan tafiya mai ɗan sauri jijiyoyin kan saki, su zauna a buɗe na wasu sa'o'i, saƙon tsukewa daga ƙwaƙwalwa kuma ya ragu. Faɗan manaja yana zuwa ne ya tarar da jijiyoyin a buɗe.

Da na kawo masa wannan bayani, Kawu ya yi dariya. "Kai yaro, to 'yan lodinmu fa? Tun safe suke jidar buhu, gumi har ƙasa, amma rabin layin ɗakin magani su ne."

Nan na yi shiru, don gaskiya ce, kuma haka abin yake wajen masu ɗaga jiƙaƙƙun fatu a majemun Challawa da Sharada. Amsar ta fito daga Denmak, inda Andreas Holtermann da abokan aikinsa suka bi mutum fiye da dubu 100 a Kofanhegan. A sakamakon da suka fitar a 2021, motsa jikin da mutum ke yi don kansa ya rage haɗarin ciwon zuciya, aikin ƙarfi na wurin aiki kuwa ya ƙara shi. Mai ɗaga buhu yana riƙe numfashi, yana ƙanƙame tsoka, jini na tashi da kowane ɗagi, awa takwas ko goma ba isasshen hutu, ba shi ke da ikon cewa ya gaji ba. Mai keke kuwa tafiyarsa a jere take, numfashi na shiga yana fita, ya isa ya huta. A ganina nan ne masu cewa "ai aikina ma motsa jiki ne" suke yaudarar kansu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako. Da zuwa da dawowa, Kawu yana ninka hakan ba tare da ya ƙirga ba. Likita bai ce ya ajiye ƙwayar ba, bai kuma ajiye ba. An gyara babur ɗin kafin sallah, amma yanzu ɗansa ne ke hawa.