Masu Kayan Doki a Kasuwar Kurmi

Wanda ya kutsa cikin lungunan Kasuwar Kurmi, kusa da Jakara, hancinsa ne zai fara gaya masa ya iso wajen masu kayan doki, domin ƙamshin jemammiyar fata ba ya ɓuya. Kasuwar ta kafu a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Daga nan ayari ke ɗaukar jemammun fatu ya ƙetare Sahara zuwa Gadamas da Tarabulus, kuma da Bajamushen matafiyin nan Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar dukanci na cikin manyan sana'o'in birni.

Rumfunan ƙanana ne, amma a cike suke maƙil. Ga sirdi an jera bisa juna, ga linzami da kamazuru da ragama a rataye, ga majayi a naɗe, ga likkafu na ƙarfe da na tagulla, ga jalala mai aikin zare tana walƙiya. Sirdi ɗaya ba aikin mutum ɗaya ba ne. Masassaƙi ya fitar da itacensa, baduku ya lulluɓe shi da fata, maƙeri ya ƙera likkafa da linzami, maɗinki ya ƙawata jalala.

Sai dai ba sabon kaya kaɗai ke riƙe da wannan layi ba. Gyara ne ƙashin bayansa. Mutum zai zo da tsohon sirdi a buhu, ya durƙusa ya gaida dattijon rumfa, ya ce, "Baba, na kakanmu ne, a duba mana." Dattijo ya juya shi, ya ƙwanƙwasa kwacciya ya ji ko gara ta ci itacen. In itace na da lafiya, sauran mai sauƙi ne. A farke tsohon ɗinki, a cire fatar da ta bushe ta tsattsage, a yanka sabuwa daidai da tsohon fasali. A sake cika zubka don kada sirdi ya ji wa doki ciwo a baya. A goge likkafar tagulla da tsamiya da toka har haskenta ya dawo. Wani lokaci kuɗin gyaran ya kai na sabo, amma mai shi ba ya ja da baya, don kuwa ba a sayar da gado a kasuwa.

Masu doki sun san saye ba shi ne wahala ba, riƙo ne. Akawal ne ko kili, kullum sai harawa da dusa da gero da kanwa, sai mai share barga, sai kilisa da yamma. Kayan ma suna da nasu haƙƙin: a shafa wa fata mai da hunturu, a shanya jalala da damina, a tsare su daga ɓera.

Ciniki yakan tashi tun tsakiyar azumi, lokacin da hakimai da mahayansu ke shirin Hawan Salla da Hawan Daushe da Hawan Nassarawa. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin al'adun gado na duniya. Amma a shekarar 2024 ɗin da wadda ta biyo baya an dakatar da hawa saboda rikicin sarauta, kuma duk sallar da ta wuce ba hawa, rumfunan nan ne ke fara jin jiki. Hawan angwanci da na sauran masarautu su ke rage asara.

Yabon duniya ba zai koya wa yaro riƙon basilla ba. Aiki ne ke koya masa, aikin kuwa sai an kawo shi. Duk gidan da ke da tsohon sirdi a jibge a zaure, ya kamata ya kai shi Kurmi tun dattawan da suka san ɗinkinsa suna da sauran gani.